Fanel ɗin China na Talabijin Mai Doro: Wadda Yake Ceta da Wadda Yake Ɓatawa

A shagunan kayan gyaran lantarki na Sabon Gari a Kano, ko na Alaba a Legas, akwai wani kwali da kusan duk mai gyaran talabijin ya taɓa buɗewa. A cikinsa akwai fanel cikakke da fulaibak ɗinsa (taransifomar da ke samar da babbar wutar hoto) da tuna mai kamo tashoshi, da ƙaramin fanel na wuyan kwalba, wato gilashin nan mai nuna hoto, da allon maɓallai, da idon rimot, da rimot ɗin kansa, wani lokaci har da takardar zanen wayoyi. Shi ake kira fanel ɗin China, ko yunibasal. Ana kwashe injin tsohuwar talabijin ne ɗungurungum, a bar kwalba da yok (naɗin wayar tagulla da ke wuyan kwalba, mai shimfiɗa hoto a fuska) da lasifika da akwati, a dasa shi a gurbin. Iri biyu aka fi samu: na inci 14 zuwa 21, da na inci 25 zuwa 29. Farashinsa dala yake bi, yau daban gobe daban, don haka aikinsa za mu auna.

Ga talabijin ta gama-gari mai inci 14, 20 ko 21, wadda kwalbarta ke da sauran ƙarfi amma injinta ya wuce gyara, wannan fanel abin a yaba ne. Yana tada ta, kayan gyaransa suna ko'ina, kuma duk yaron shago ya san hanyoyinsa. Matsalar ita ce ya zama mafakar mai gyaran da ba ya son bincike. Talabijin da kafasita guda ko sakin dalma ya kwantar da ita, sai a yaye mata injin asali mai inganci a liƙa mata wanda bai kai shi ba. Wannan asara ce, kuma mai talabijin ba ya sanin an yi masa ita sai ya ga hoton ya canja.

Kafin a taɓa komai

Kwalba tana riƙe caji ko bayan an zare filogi. A talabijin mai inci 21, wutar da fulaibak ke kai mata ta jan wayar nan mai hular roba tana kai bolt dubu 25 ko kusa da haka, a mai inci 29 kuwa ta doshi dubu 30. Kafin a cire hular, a sami sukuddireba mai mariƙin roba, a ɗaura masa waya, ɗaya bakin wayar a maƙala shi a tsirarar wayar da ta kewaye bayan kwalba, sannan a zura bakin sukuddireban ƙarƙashin hular har ya taɓa ƙarfen. Hannu ɗaya ake sa wa, ɗayan a baya. A dakata minti ɗaya a sake, domin cajin yakan ɗan dawo. Babban kafasitan wuta mai 400V shi ma yakan riƙe sama da bolt 300, musamman idan injin bai tashi ba. Da ƙwan fitila ake sauke shi, ba da haɗa ƙafafunsa da ƙarfe ba. Kada kuma a ɗaga kwalba ta wuya. Cikinta babu iska, nan ne gilashin ya fi rauni.

A fara tuhumar tsohon injin

Yawancin abin da ke kwantar da waɗannan talabijin ƙananan abubuwa ne masu alama bayyananniya. Layi guda fari a kwance a tsakiyar fuska, ɓangaren batikal ne, mai shimfiɗa hoto sama da ƙasa, ya tsaya: ko dalmar ƙafafun IC ɗinsa (ƙwayar lantarkin nan mai ƙafafu da yawa) ta tsattsage saboda zafi da sanyi, ko ƙaramin rizistan da ke kai masa wuta, mai om 1 ko kusa, ya yanke, ko IC ɗin ya ƙone. Da an ga layin nan a rage sikirin, abin murɗa haske da ke jikin fulaibak, nan take, in ba haka ba zai ƙona fuskar kwalba ya bar tabo na dindindin. Fararen layuka a saman hoto, ko saman ya naɗe, kusan kullum kafasitan 100µF/35V ne da ke gefen IC ɗin batikal ya bushe. Fuska ta yi fari fat da siraran layuka a karkace, a duba layin 180V mai ciyar da taranzistocin launi, da kafasitansa mai 250V. In kuwa launi ɗaya ne ya mamaye, ja ko kore ko shuɗi, to taranzistan launin ne ya haɗe, ko kuma cikin kwalba hita ta taɓa katod, wato bakin bindigar da ke harba wannan launi.

Ƙarar "tik tik tik" ba hoto ba sauti, taranzistan horizantal ne, na ɓangaren shimfiɗa hoto hagu da dama, ya haɗe. A nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami: su canja shi, ya yi minti biyar ya sake ƙonewa, su ce injin ya mutu. Wannan taranzista ba ya mutuwa haka kawai. Ko fulaibak ya haɗe a ciki, ko dalmar ƙaramar taransifomar da ke tura shi ta saki, ko kafasitan 1600V da ke kan kolektansa ya yanke, ko B+, babbar wutar da ke ciyar da fulaibak, ta haura. Sai an gano wanne ne kafin a sa sabo.

Hoton da ke fitowa dishi-dishi da safe ko da damina, ya washe bayan minti goma ko ashirin, ba kwalba ba ce ta tsufa. Soket ɗin wuya ne, ƙafar fokas, mai kula da kaifin hoto, ta yi tsatsa kore. Ƙurar hunturu ta taru a ciki, danshin damina ya jiƙa ta, wuta ta riƙa zurarewa. Sabon soket ya wadatar. Dabbare-dabbaren launi a kusurwa kuwa, PTC ne, rizistan da ke kula da wayar goge maganaɗisu, ya farfashe a cikin gidansa. Girgiza shi za ka ji yana kacau-kacau.

Duk waɗannan ba su kai a cire inji ba. Inda fanel ɗin China ya halatta shi ne: babban IC mai ɗauke da manhajar kamfani ya mutu kuma babu irinsa, ko tsawa ta bi ta eriya ta ƙona wurare da yawa, ko fanel ya karye ya ratsa layuka barkatai, ko fitsarin ɓera ya cinye tagullar, ko fulaibak ɗin na musamman ne da ba a samun madadinsa.

Sai kwalbar kanta. Ba amfanin sabon inji a kan kwalbar da ta gaji. Alamarta ita ce launi yana zuba zuwa dama a gefen abubuwa masu haske, fari yana komawa ruwan ƙasa, hoto yana jinkirin fitowa, kuma da an ƙara haske fokas ya watse. Idan tsohon injin yana iya kunna ta, a taɓa kowane katod zuwa ƙasa ta rizista mai kilo-om 10 zuwa 15, na daƙiƙa ɗaya: fuska ta cika da launin sosai. Wanda ya fito a raunane, bindigarsa ta yi sanyi. Tartsatsi mai ruwan shuɗi ko shunayya a cikin wuya kuwa, iska ta shiga, magana ta ƙare.

Abin da ke kan fanel ɗin

Ba kamfani ɗaya ke yin su ba, shi ya sa ingancinsu ya bambanta ko da kwalin iri ɗaya ne. Ta babban IC ake gane su. Akwai masu TMPA8873 ko 8891 ko 8893 na Toshiba, akwai masu LA76810 ko LA76818 ko LA76931 na Sanyo, akwai masu TDA11105. Batikal galibi LA78040 ne a ƙananan, LA78041 a manyan. Taranzistan horizantal D2499 ko D1555 ko danginsu, fulaibak irin su BSC25-T1010A, ma'ajiyar saiti 24C08 ko 24C16. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da za ka sha wahalar nema, kuma wannan shi ne babban abin da ya fi injin asali da shi.

A namu ganin masu IC ɗin Toshiba sun fi daidaiton launi da sauƙin saiti. Wanda zai kai talabijin Nijar kuwa ya lura da tsarin launi na SECAM, domin da shi aka watsa talabijin ta analog a can, Najeriya kuwa PAL B/G ce mai sauti a 5.5MHz. LA76810 ba ya fitar da launin SECAM sai an haɗa masa LA7642, kuma sau da yawa gurbinsa a fanel fayau yake. Ga mai kallo ta dikoda wannan ba damuwa ba ce, tunda ta AV, ramukan jan waya da fari da rawaya, hoton ke shiga.

Dasawa: inda aikin yake

Lambar da ke jikin kwalba ita ke faɗin girmanta na gaskiya. A34 inci 14 ce, A48 inci 20, A51 inci 21, A59 inci 25, A68 inci 29. Wuyan kuma iri biyu ne, siriri mai milimita 22.5 da mai kauri mai milimita 29.1, kowanne da soket ɗinsa da jerin ƙafafunsa. A bi ƙafafun da ido da mita a tabbatar da hita, katod uku, G1 da G2 kafin a cusa soket. Ƙafar kwalba in ta lanƙwashe aka matsa mata, gilashin gindinta ke tsagewa.

Yok shi ne zuciyar lamarin. Waya huɗu ne: ja da shuɗi na horizantal, rawaya da kore na batikal, ko da yake wasu kamfanoni ba sa bin wannan launi, don haka mita ce alƙali. Naɗin horizantal yakan ba da om 1 zuwa 4. Na batikal a yawancin masu inci 21 yana tsakanin om 8 da 15, kuma da irin wannan fanel ɗin ya saba. In ka auna ka ga om 40 ko 50, kamar yadda ake samu a wasu tsofaffi, naɗi biyun a jere aka haɗa su; hoto ba zai cika sama da ƙasa ba sai an mai da su haɗin gefe-da-gefe, abin da ke rage awon zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A kula da farkon kowane naɗi da ƙarshensa, in aka juya ɗaya za su soke juna. Kuskure mafi muni shi ne musanya horizantal da batikal, wannan kan kashe IC ko taranzista tun a kunnawar farko. Hoto ya fito ƙafa a sama, a musanya rawaya da kore. Rubutu ya fito a juye, a musanya ja da shuɗi. Kada a kwance yok daga wuya ko a taɓa zobban maganaɗisun da ke bayansa. Saitin masana'anta ne, mai da shi aiki ne na daban.

Wayar ƙasa da ta fito daga baƙin shafen bayan kwalba dole ta je fanel ɗin wuya. Mantawa da ita na jawo tartsatsi da ke bi ta layukan launi ya kashe babban IC. Mutane da yawa da ke cewa sabon fanel ya zo a mace, wannan ce ta kashe shi.

Kada a yarda da saitin B+ da fanel ya zo da shi. A raba layin B+ da fulaibak, a rataya ƙwan fitila mai zare na wat 60 a madadinsa, a sa wani ƙwan na wat 100 a jere da wutar shiga, a cire filogin wayar goge maganaɗisu, sannan a kunna. Irin waɗannan ƙwayaye sun yi wuya yanzu, amma na LED ba ya wannan aiki, duk mai gyara ya tanadi nasa. Ƙaramin fanel ya ba da bolt 110 ko abin da aka rubuta a jikinsa, babba kuwa tsakanin 125 da 135. Sai awon ya tsaya cak na 'yan mintuna kafin a mai da layin.

Hita 6.3V take so, kuma daga fulaibak take sha ta wani rizista ƙarami mai om 1 zuwa 3 da 'yan kai. Kwalabe ba su ja daidai ba, siririn wuya ya fi mai kauri ƙarancin ja, saboda haka rizistan da ya dace da wata zai iya yi wa wata yawa. Mita ta gama-gari ba ta karanta wannan wuta daidai, domin bugu-bugu ce mai saurin 15,625 a daƙiƙa, sai ta nuna ƙasa da gaskiya. Wanda ya ga bolt 4 ya rage rizista don ya kai 6.3, ya ɗora kwalbar a hanyar mutuwa cikin watanni. In babu mita mai auna RMS na gaskiya, wadda ke iya karanta irin wannan wuta, a duba hasken hitar a wuri mai duhu: ruwan lemo mai laushi ake so, ba rawaya mai ƙyalli ba.

Sikirin da fokas duk a jikin fulaibak suke. A sa talabijin a AV ba tare da sigina ba, a ɗaga sikirin har siraran layuka su bayyana, a sauke shi har su ɓace, a ƙara saukewa kaɗan. Fokas kuwa da rubutun menu ake daidaita shi, bayan talabijin ta yi minti goma sha biyar a kunne.

Faɗin hoto shi ke cin lokaci. Wasu fanel suna da soket biyu ko uku na yok don zaɓar faɗi, a fara da su. In bai isa ba sai a koma kan kafasitan 1600V, wanda yakan kasance tsakanin 7.2nF da 9.1nF. Ƙara shi na faɗaɗa hoto ya rage wutar kwalba, rage shi na tsuke hoto ya ɗaga wutar. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kamar 470pF ko 1nF mai ɗaukar 2kV. Ragewa da yawa haɗari ne na gaske, domin wutar kwalba in ta wuce ƙa'ida tana huda fulaibak, tana kashe taranzista, tana kuma iya sa kwalba fitar da hasken X-ray. Kada a taɓa gyara faɗi ta hanyar murɗa B+. In mutane sun yi ƙiba a gefe sun rame a tsakiya, ko akasin haka, kafasitan S ne, mai 0.33 zuwa 0.47µF, bai dace da yok ɗin ba.

Sauran a menu na masana'anta ake ƙarasawa. Hanyar shiga ta danganta da manhajar, wasu rimot ɗin ma da ɓoyayyen maɓalli a ƙarƙashin fatar fuskarsu. A na Toshiba za ka ga HIT na tsayi, VP50 na matsar da hoto sama ko ƙasa, VLIN da VSC na daidaita tsayin sama da ƙasa, HPOS na gefe, sai RCUT, GCUT, BCUT, GDRV da BDRV na daidaita fari. A rubuta kowace lamba a takarda kafin a canja ta, a liƙa takardar a cikin akwati.

Yadda yake aiki bayan an rufe

In an dasa shi da kyau a kan kwalba mai lafiya, hoton yana da haske da launi mai gamsarwa. Amma wanda ya san hoton injin asali na Panasonic ko Sharp ko JVC zai ga bambanci. Hoton yakan ɗan kumbura ya tsuke idan fage ya sauya daga duhu zuwa haske, saboda fulaibak ɗin ba ya riƙe wuta daram. Gefen rubutu ba ya kaifi sosai. Sauti na talaka ne, wat biyu zuwa uku, kuma in an ƙure shi lasifika na kakkarwa. Tuna ɗin na aiki, sai dai amfaninsa na raguwa tun da aka soma komawa dijital a Jos a 2016. Yau dikodar StarTimes ko GOtv ko FreeTV ce ke ciyar da mafi yawansu ta jan waya da fari da rawaya. Ga mai tsofaffin kaset na bidiyo da faifan VCD na finafinan Hausa, ko mai PlayStation 2, nan ne talabijin mai doro ta fi ta bango: don irin fuskarta aka yi su, kuma fanel ɗin na karɓar PAL da NTSC.

Raunin da ya fi damun mu yana ɓangaren wuta. Da yawansu tsohon tsarin Sanyo ne da ake kira A3, mai taranzista uku, C3807 da A1015 da babban mai sauyawa, da PC817 mai dawo da rahoto. Tsari ne mai sauƙin gyara, amma ba shi da mai tsawatarwa in wuta ta haura. Ƙaramin abin murɗa B+, wanda a yawancinsu aka rubuta wa RP551, in ƙura ko tsatsa ta shige shi, ko rizistan R552 ya ƙaru, ko PC817 ya yi sanyi, sai B+ ta haura ta wuce bolt 150. Daga nan kafasitan 160V ya kumbura ko ya fashe, taranzistan horizantal ya bi shi, wani lokaci har batikal. Maganin yana da arha: bayan an saita B+, a auna abin murɗawar, a cire shi, a sa tsayayyen rizista mai wannan awo. In kuwa talabijin ta ƙi tashi sam kuma fiyus lafiya, a duba rizistoci biyu masu kilo-om 120 na tayarwa. Yankewarsu ta zama ruwan dare.

Kafasitocin da ke zuwa a kai ma ba na dogon zango ba ne, yawanci masu jure digiri 85. Da zafin Kano ko Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu, a cikin rufaffen akwati, ba sa daɗewa. Mai gyara na ƙwarai zai canja na B+, da na 180V, da biyun nan na batikal, ya sa masu digiri 105 tun ranar farko, ya bi ƙafafun fulaibak da taransifoma da IC ɗin batikal da sabuwar dalma. Ƙarfen sanyaya taranzista in ya yi ƙanƙanta, a ɗauko na tsohon injin a ɗaura. Fanel ɗin siriri ne, kada a bar shi yana lilo ko a ɗaure shi da waya. A kafa shi da sukurori a kan katako ko roba, nesa da wuyan kwalba. Mai janareta ƙarami kuma ya riƙa kashe talabijin kafin mai ya ƙare, domin hawa da saukar da injin ke yi yana shirin mutuwa ita ke karya wannan ɓangare.

Inda bai kamata a kai shi ba

Sony Trinitron ba ta shiga wannan lissafi. Kwalbarta daban ce tun daga bindiga har jerin ƙafafu, kuma tana buƙatar da'irar gyara lanƙwasar gefe. Ana iya tilasta mata ta nuna hoto, amma gefuna za su lotsa ciki, launuka su rabu. Haka siraran nan na ƙarshen zamani irin SlimFit na Samsung da Ultra Slim na LG: kwalbarsu gajera ce, kusurwar karkatar da haske ta yi faɗi, ƙaramin fanel ba shi da da'irar da za ta miƙe gefen, taranzistansa kuma zai yi ta zafi. Manyan 'yan Turai masu 100Hz saurin layinsu ninki biyu ne, yok ɗinsu ba zai yi aiki da shi ba. Ko a inci 29 na gama-gari, sakamakon babban fanel sa'a ce. In yok bai dace ba za a wuni ana canja kafasita gefen bai miƙe ba.

Tsofaffin gaske kuwa, masu akwatin katako da ƙofar ja, na zamanin da aka fara talabijin a Kaduna a 1962 ko aka fara mai launi a Jos a 1975, a bar musu injinsu. Baƙi-da-fari ba ta da alaƙa da wannan fanel ko kaɗan, masu launi na farko kuma da yawansu bindigoginsu a jeren kusurwa uku suke, da allon haɗa launi nasu na musamman. Irin waɗannan darajarsu a cikinsu take, gyaransu kuma na haƙuri ne: canja kafasitoci ɗaya bayan ɗaya, tayarwa a hankali ta ƙwan fitila, da taransifomar raba wuta, domin ƙarfen injin da yawansu na ɗauke da wutar gida kai tsaye.

Mai talabijin da aka ce sai an sa mata fanel ɗin China yana da haƙƙin ya tambayi wane abu ne takamaimai ya mutu a tsohon, kuma ya karɓi tsohon injin ya tafi da shi. Fulaibak ɗinsa da tuna da ƙarafunan sanyaya da taransifoma duk kayan aiki ne, wata rana ma a dace da IC ɗin a jikin wata matacciya. In kuma kwalbar ce ta mutu, kada a bar yara su fasa ta don tagullar yok. Gilashin bayanta cike yake da dalma, hodar da ke shafe a fuskarta kuma ba ta shaƙa ba ce. A kwance yok ɗin da sukuddireba a ba 'yan gwangwan, kwalbar a ajiye ta a kife a kan tsumma inda ba a wucewa.